Na sa mita 5000 a PostGIS amma ya dawo min da komai, ina matsalar take?

Tambayar ɗan'uwa ita ce, yana da tebur uku a databes ɗin PostgreSQL mai ɗauke da PostGIS, wato ƙarin da ke bata damar aiki da bayanan taswira, na makarantu da na asibitoci kowanne da wurinsa a taswira, sai na uku mai iyakokin gundumomi. Ya buɗe pgAdmin, manhajar da ake rubuta wa databes umarni a ciki, ya rubuta ST_DWithin, fankshin ɗin da ke tace abin da ke cikin wani nisa, ya sa 5000 don a fito masa da makarantun da ke cikin kilomita 5 daga wani asibiti, sai databes ta kwaso masa makarantun gaba ɗaya ba ta bar ko ɗaya ba. Da ya koma zai ƙirga makarantu nawa ne a kowace gunduma kuma sai abin ya tsaya yana ta juyawa har ya gaji ya kashe.

Toh ɗan'uwa, matsala biyu ce ka haɗu da ita ba ɗaya ba, kuma ta farkon tafi haɗari nesa ba kusa ba, domin jinkiri kana ganinsa da idonka, ita kuwa amsar ƙarya shiru take zuwa ba saƙon kuskure ba komai. Kai ma sa'a kayi da ta kwaso komai har ka gane akwai abin da ba daidai ba.

Abin da ya faru shi ne, databes bata san 5000 ɗinka mita bane. Kolum ɗin da ake ajiye wuri a ciki, in nau'in geometry ne, lissafin fili shimfiɗaɗɗe kawai yake yi kamar a takardar jadawali, kuma duk ma'aunin da lambobin ciki suke a kai da shi yake auna nisa. In bayananka daga GPS suka fito ko daga waya, kusan tabbas suna kan tsarin WGS 84 ne wanda lambarsa 4326, shi kuma wannan tsarin digiri ne ma'auninsa. Kenan abin da ka ce mata shi ne ta kawo duk makarantar da ke cikin digiri 5000 daga asibitin, alhali duniyar ma duka daga gabas zuwa yamma digiri 360 ce. Kaga ai dole ta kawo komai.

Kafin ka gyara komai dai ka fara duba me ke hannunka, kar ka dogara da abin da wanda ya baka fayil ɗin ya faɗa maka. Ni duk teburin da aka bani sai na fara da wannan:

SELECT ST_SRID(geom), count(*) FROM makarantu GROUP BY 1;
SELECT ST_AsText(geom) FROM makarantu LIMIT 5;
SELECT ST_Extent(geom) FROM makarantu;

Na farko zai gaya maka lambar tsarin da aka liƙa wa bayanan, in kaga 0 to ba a liƙa komai ba kenan, in kaga lambobi iri biyu a tebur ɗaya to an haɗa maka kaya daban daban a buhu ɗaya. Na biyu zai nuna maka ainihin lambobin yadda ido zai iya karantawa, domin in ka kira kolum ɗin haka nan abin da zaka gani wani dogon rubutu ne mai farawa da 0101000020E6100000, wanda ba don mutum aka yi shi ba, ko da yake in ka saba zaka gane cewa E610 ɗin nan ita ce 4326 a juye cikin lissafin heks. In lambobin ƙanana ne kamar 14.2 da 46.1 to digiri ne, in manya ne masu dubu ɗaruruwa ko miliyoyi to mita ne na wani tsarin da aka shimfiɗa. Na uku kuma yana baka akwatin da ya kewaye bayananka duka, kuma wallahi wannan layi ɗayan ya sha ceto na. Akwai lokacin da aka kawo min tebur daga wani ofis, akwatin ya nuna min faɗin da ya ninka yankin da ake aikin sau da yawa, da na bi sai na tarar wasu layukan an juya musu latitud da longitud ne, wasu kuma da ba a samu wurinsu ba aka cike musu 0 da 0, shi kuma wannan wurin a tsakiyar teku yake a mashigin Gini inda ikweta ta haɗu da layin Girinwic. An riga anyi rahoto da teburin nan kafin ya zo hannuna.

Maganar juyawar nan ka riƙe ta da kyau. A baki mun saba cewa latitud da longitud, haka kuma manhajojin taswira na waya suke rubutawa, amma ST_MakePoint x yake fara karɓa sannan y, wato longitud farko latitud daga baya. In an riga an juya, ST_FlipCoordinates zai mayar maka. Kuma ba duk databes ce take bin wannan tsari ba, MySQL 8 in ka bashi rubutu akan 4326 latitud yake ɗauka farko, haka ma geography::Point na SQL Server, shi yasa in ka kwafo misali daga intanet sai ka duba na wace databes ce.

To yanzu gyaran. Hanya mafi sauƙi ita ce ka juya kolum ɗin zuwa nau'in geography a cikin umarnin, shi wannan nau'in tun PostGIS 1.5 aka kawo shi, yana lissafi akan dunƙulalliyar duniya kuma kullum da mita yake magana:

SELECT m.suna
FROM makarantu m
JOIN asibitoci a
ON ST_DWithin(m.geom::geography, a.geom::geography, 5000)
WHERE a.id = 17;

Yanzu 5000 ta zama mita 5000 da gaske. Wannan zai yi aiki ne in bayananka digiri ne, in suna kan tsarin mita zai ƙi ya ce maka longitud da latitud kawai yake karɓa.

Zaka ga wasu suna cewa ai digiri ɗaya kusan kilomita 111 ne, kawai ka raba ka sa 0.045 a maimakon kilomita 5 shikenan. Ban yarda da wannan shawarar ba sam, sai dai in kimantawa kawai kake don ka leƙa. Gaskiya ne daga kudu zuwa arewa digiri ɗaya kusan kilomita 111 ne a ko'ina, amma daga gabas zuwa yamma ba haka bane, layukan longitud suna matsowa kusa da juna yayin da kake nisa da ikweta har su haɗe a ƙuryar duniya. A latitud 60, wajajen Oslo kenan, digiri ɗaya na longitud bai wuce kilomita 56 ba. Kaga a can 0.045 ɗinka zata baka kilomita 5 ta arewa amma biyu da rabi ta gabas, abin da kake zaton da'ira ce ya zama kamar ƙwai. A kusa da ikweta kuskuren kaɗan ne shi yasa mutane suke sabawa da dabarar, sai ranar da aka kai umarnin wani yanki ya fara bada amsar banza ba wanda ya lura.

Hanya ta biyu, wadda ni nafi so in aikin a yanki ɗaya ne mara faɗi sosai, ita ce ka mayar da bayanan kan tsarin UTM. An raba duniya gida 60 kowanne faɗin digiri 6, kowane gida da nasa shimfiɗar da mita ne ma'auninta kuma kuskurenta ƙanƙani ne a cikin gidan. Gano naka ba wuya, ka ƙara 180 akan longitud ɗinka, ka raba da 6, ka yar da abin da ke bayan ɗigo, ka ƙara 1. Misali longitud 14.2 zai baka gida na 33. In kana arewa da ikweta lambar ita ce 32600 a tara da lambar gidan wato 32633, in kudu ne 32700 ake tarawa. Ni bana taɓa ainihin kolum ɗin, sabo nake ƙarawa a gefe:

ALTER TABLE makarantu ADD COLUMN geom_utm geometry(Point, 32633);
UPDATE makarantu SET geom_utm = ST_Transform(geom, 32633);

Amfanin haka shi ne lissafin shimfiɗaɗɗen fili yafi sauri, kuma fankshin da yawa na PostGIS da geometry kawai suke aiki, geography kaɗan ne daga ciki suke karɓarsa. In kuma bayananka sun ratsa ƙasashe da yawa ko nahiya guda to ka zauna akan geography, kar ka matsa wa gida ɗaya na UTM ya ɗauki abin da ya fi ƙarfinsa.

Anan ne kuma mutane suke faɗawa wani ramin, bambancin ST_SetSRID da ST_Transform. Shi ST_SetSRID takarda kawai yake liƙawa a jikin kaya, baya taɓa lambobin ko kaɗan, yana cewa ne waɗannan lambobin na tsari kaza ne. ST_Transform shi ne yake ainihin lissafi ya canza lambobin daga wannan tsari zuwa wancan. Abin da ke faruwa kullum shi ne mutum ya haɗa tebur biyu sai databes ta ce masa Operation on mixed SRID geometries, sai ya ɗauko ST_SetSRID ya liƙa wa ɗayan lambar ɗayan don saƙon ya tafi, saƙon kuwa ya tafi, amma yanzu ya ce wa databes 14.2 da 46.1 mita ne, wato makarantarsa ta koma can gefen ikweta ɗaruruwan kilomita yamma da inda tsakiyar gidan yake, sai umarni ya dawo da layi sifili ya zauna yana mamaki. Ka yi amfani da ST_SetSRID ne kawai in lambar da ke jiki 0 ce ko ba daidai ba kuma ka tabbatar da ta gaskiyar. In shapefile aka baka, wato wani nau'in fayil na bayanan taswira, fayil ɗin nan mai ƙarewa da .prj shi ne ke faɗin tsarin, kuma shp2pgsql, manhajar da ke loda shapefile cikin databes, baya karanta shi da kansa sai ka bashi lambar da -s, shi yasa ake yawan samun 0.

Sai 3857, dan Allah kar ka auna nisa ko faɗin fili da shi. Shi ne tsarin da taswirorin intanet suke nuna hoto da shi, kuma in ka loda bayanan taswirar OpenStreetMap da manhajar osm2pgsql ta tsohuwar hanya baka canza komai ba akansa zasu sauka a kolum mai suna way. Yaudararsa ita ce ma'auninsa mita ne, sai kaga kamar an gama magana, amma mitar tasa tana kumbura yayin da kake nisa da ikweta. A latitud 10 ƙarin kusan kashi 1.5 cikin ɗari ne, a 30 ya haura kashi 15, a 60 nisa ya ninka biyu faɗin fili kuma ya ninka huɗu. Shi ne dalilin da Girinlan take fitowa kamar ta kai Afirka a taswirar waya alhali Afirka ta ninka ta kusan sau 14. Don kallo yayi, don awo bai yi ba.

Yanzu mu zo kan jinkirin. Inaga baka da indeks, wato jagorar da databes ke bi ta samo layuka ba sai ta bi su duka ba, domin in ka ƙirƙiri tebur da hannunka ko ka loda daga CSV ba wanda zai yi maka shi.

CREATE INDEX ON makarantu USING GIST (geom);
CREATE INDEX ON gundumomi USING GIST (geom);
ANALYZE makarantu;
ANALYZE gundumomi;

Ya kamata ka fahimci abin da indeks ɗin yake yi domin daga nan ne zaka san yadda ake rubuta umarnin da zai amfana da shi. Baya ajiye siffar gunduma da duk lanƙwasarta, akwati mai kusurwa huɗu kawai yake ajiyewa wanda ya kewaye kowace siffa, sannan ya tara ƙananan akwatuna cikin manya, manyan cikin waɗanda suka fi su, kamar rassan bishiya. In ka tambayi wace makaranta ce a cikin gunduma kaza, aikin hawa biyu ne. Da farko a duba akwatuna a zubar da duk wanda ko kusa bai zo ba, wannan kamar ƙiftawar ido ne, sannan 'yan kaɗan da suka rage a yi musu lissafi na gaske mai tsada a ga ko ɗigon yana cikin iyakar ko a cikin akwatin kawai ya faɗo. Ka ɗauka kana da makarantu 20,000 da gundumomi 500, in ba indeks sai an gwada kowace da kowace, gwaji miliyan 10 kenan, in akwai kuwa kowace makaranta da gunduma biyu ko uku kawai za a gwada ta.

Amma samun indeks daban, amfani da shi daban. ST_DWithin da ST_Intersects da ST_Contains da ST_Within da ST_Covers duk sun san hanyar indeks da kansu. ST_Distance bai sani ba. In ka rubuta cewa ST_Distance ya zama ƙasa da 5000 a cikin WHERE, amsar zata fito daidai amma sai an auna nisan kowane layi a teburin kafin a tace, shi yasa kullum ST_DWithin ake sawa wajen tacewa, ST_Distance kuma a bar shi a SELECT don nuna nisan waɗanda suka tsallake. Haka masu zana da'ira da ST_Buffer sannan su tambayi me ya faɗa ciki, aiki biyu suke yi a inda ɗaya ya isa, ga shi da'irar ma ba da'ira bace ta gaske, siffa ce mai gefe da yawa da aka kimanta, abin da ke daf da baki zai iya zamewa.

Abu na biyu mai kashe indeks, kuma wannan ya shafi gyaran da na baka a sama kai tsaye, shi ne ka naɗe kolum ɗin cikin wani fankshin. Indeks ɗin da ka gina akan geom bai san komai ba game da geom::geography, a wurinsa wani abu ne daban. In zaka riƙa amfani da geography to ka gina masa nasa:

CREATE INDEX ON makarantu USING GIST ((geom::geography));

Ka lura da baka biyun nan, dole ne. Haka in teburanka biyu suna kan tsari daban daban, kar ka sa ST_Transform akan babban teburin a cikin JOIN, ka sa shi a ɓangaren ƙaramin, ko ma dai ka daidaita su tun farko ka huta.

Yadda zaka tabbatar kuwa ba zato ba, ka sa EXPLAIN ANALYZE a gaban umarnin. In kaga Index Scan ko Bitmap Index Scan da sunan indeks ɗinka to yana aiki, in kaga Seq Scan akan babban teburin to ana bin layi ɗaya bayan ɗaya. Seq Scan akan ƙaramin tebur ba laifi bane, a JOIN irin na ƙirgar nan ma dole ɗaya daga cikin biyun a bi shi gaba ɗaya, ɗayan ne ake nema ta indeks. Ka dai tuna EXPLAIN ANALYZE yana gudanar da umarnin da gaske, in wanda baya ƙarewa ne ka fara da EXPLAIN kaɗai.

In duk kayi wannan ƙirgar gundumomin bata daina ja ba, to ka duba girman siffofin da ST_NPoints. Iyakar da ta bi gaɓar teku ko kogi tana iya ɗaukar ɗigo dubu goma ko fiye, ga akwatinta ƙato ya rufe rabin taswira, kenan hawa na farko baya tace komai hawa na biyu kuma yayi tsada. Maganinsa ST_Subdivide, yana yanyanka babbar siffa zuwa ƙanana, in baka faɗi adadi ba kowane yanki baya wuce ɗigo 256:

CREATE TABLE gundumomi_yanka AS
SELECT id, suna, ST_Subdivide(geom) AS geom FROM gundumomi;

Ka gina masa indeks ka yi JOIN da shi a maimakon na asali. Sau da yawa wannan kaɗai yana mayar da aikin mintuna zuwa daƙiƙu. Sai dai ɗigon da ya faɗo daidai kan layin yanka zai iya fitowa sau biyu, don haka ka ƙirga da DISTINCT.

Ita ƙirgar kanta ga yadda nake rubuta ta:

SELECT g.id, g.suna, count(m.id) AS adadi
FROM gundumomi g
LEFT JOIN makarantu m ON ST_Intersects(g.geom, m.geom)
GROUP BY g.id, g.suna;

LEFT JOIN na sa da gangan, domin in JOIN ne kawai gundumar da bata da makaranta ko ɗaya zata ɓace daga sakamakon, alhali sau da yawa ita ce ma wadda ake nema. Kuma m.id na ƙirga ba tauraro ba, wato count(*), in ka sa tauraro gundumar da ba komai zata nuna 1 a maimakon 0. Na haɗa da g.id a GROUP BY saboda gundumomi biyu suna iya yin suna ɗaya.

Sai maganar kan iyaka. ST_Contains baya ɗaukar ɗigon da ya zauna daidai akan layin iyaka a matsayin na ciki, shi kuma ST_Intersects da ST_Covers suna ɗauka, kenan da na farkon makarantar kan iyaka ba gundumar da zata samu, da na biyun kuma gundumomi biyu zasu ƙirga ta. Da bayanan GPS ba kasafai ɗigo ke faɗawa daidai kan layi ba, abin da yafi yawa shi ne iyakokin da kansu basu haɗu da kyau ba, wani wurin sun hau juna wani wurin sun bar rata a tsakani. Shi yasa in ka gama ka tara adadin duka ka gwada da yawan layukan teburin makarantu. In bai yi daidai ba ka nemo waɗanda suka faɗa rata ko suka fito sau biyu ka kalle su ɗaya bayan ɗaya, kar ka miƙa rahoto kafin kayi wannan.

Akwai kuma siffofi marasa lafiya, wato iyakar da ta ratsa kanta ta zama kamar lamba 8, yawanci daga zanen hannu suke zuwa. Wani lokacin zasu jefo maka TopologyException musamman wajen ST_Intersection ko ST_Union, wani lokacin kuma ba saƙo sai amsa mara kan gado. ST_IsValid zai nuna maka su, ST_IsValidReason ya faɗi dalili har da wurin da matsalar take, ST_MakeValid kuma ya gyara. Ka dai duba abin da ya fito bayan gyaran, domin yana iya dawo maka da gauraye na fili da guntun layi, sai ka tace da ST_CollectionExtract ka bashi 3 ya bar maka fili zalla.

Nasan tambayar da zata biyo baya ita ce wane asibiti ne yafi kusa da kowace makaranta, bari in baka tun yanzu. Akwai alamar <-> wadda in ka sa ta a ORDER BY tare da LIMIT indeks ne yake jero maka daga na kusa zuwa na nesa ba sai an auna duka ba:

SELECT m.suna, k.suna AS asibiti, k.nisa
FROM makarantu m
CROSS JOIN LATERAL (
SELECT a.suna, ST_Distance(a.geom_utm, m.geom_utm) AS nisa
FROM asibitoci a
ORDER BY a.geom_utm <-> m.geom_utm
LIMIT 1
) k;

Wannan yana buƙatar ka yi wa asibitoci ma kolum ɗin geom_utm da indeks ɗinsa. Amma fa ka san me kake aunawa, wannan nisan tashin tsuntsu ne, miƙe sak. In akwai kogi ko dutse a tsakani, asibitin da databes ta ce kilomita 3 ne yana iya zama tafiyar kilomita 20 a ƙasa. In shawarar da za a yanke da sakamakon nan ta shafi yadda mutane zasu isa wurin, to sai ka samo bayanan hanyoyi ka koma pgRouting, ƙarin da ke lissafin nisa ta kan hanya, in kuma baka da su ka rubuta ɓaro ɓaro a rahotonka cewa nisan miƙe ne. Wannan yana damuna sosai domin na sha ganin an ɗauki lambar nan kamar ita ce tafiyar da mutum zai yi.

Game da manhajar da kake rubutu a ciki kuma, ka saba da kallon sakamako a taswira ba a tebur kaɗai ba, ido yana kama abin da lamba ke ɓoyewa. A pgAdmin 4 in sakamakonka yana da kolum na geometry zaka ga ɗan maɓalli a kan kolum ɗin, in ka danna zai zana maka su, kuma in suna kan 4326 zai shimfiɗa taswirar OpenStreetMap a ƙasansu, don haka in kana aiki da UTM ka naɗe kolum ɗin da ST_Transform zuwa 4326 a SELECT na ƙarshe don kallo kawai. DBeaver ma yana da irin wannan. QGIS yafi su duka wajen kallo, zaka iya rubuta umarnin a DB Manager ka loda sakamakon a matsayin shimfiɗa akan taswira, sai dai yana son kolum mai lamba wadda bata maimaituwa, in sakamakon JOIN ne ka ƙara row_number() OVER () AS id a ciki.

Wani jinkirin ma ba na databes bane, na manhajar ne. In ka ce SELECT * akan teburin gundumomi, sabar, wato kwamfutar da databes take kai, zata iya gama aikinta nan take amma sai an turo maka duk ɗigon iyakokin nan ta hanyar sadarwa an zuba a allo, kai kuma kana zaton umarnin ne yake ja. In lokacin da EXPLAIN ANALYZE ya nuna kaɗan ne amma a allo yana daɗewa, to nan ne, ka cire geom daga SELECT in ba kallonsa zaka yi ba, kuma lokacin gwaji ka riƙa sa LIMIT ko ka taƙaita kan gunduma ɗaya. Zaka iya kuma rubuta SET statement_timeout = '60s'; a farkon zamanka, duk umarnin da ya wuce minti ɗaya databes zata yanke shi da kanta.

In ka gwada waɗannan abin bai warware ba, turo min abin da ST_SRID da ST_Extent suka nuna a teburan uku, da sakamakon SELECT postgis_full_version(). Da kuma na EXPLAIN ɗin gaba ɗaya yadda ya fito kar ka yanke komai, sai mu duba tare.